Wa Ya Tsaya Maka? Tsohuwar Fijo da Wani Gareji a Titiru

Lokacin da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, cikin abin da ya bari har da mota ƙirar Peugeot 504, doguwar nan mai layin kujeru uku da muke kira famiyal. Da ita ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Paraku da Jugu, da ita aka ciyar da mu, aka sa mu makaranta. Shekararta huɗu a ƙofar gida lulluɓe da tamfol tun da ciwo ya kwantar da shi. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana suka ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a raba kuɗin. Na roƙi a ba ni wata shida. In ta tashi, in biya kowa rabonsa in riƙe ta. In ta ƙi, a sayar.

Garejin farko da na kai ta yana bakin kwalta, da ƙaton allo da sabon fenti. Bayan mako biyu aka ce ta gyaru, na biya. Ranar da na ɗauki Inna za mu gaisuwar rasuwa Jugu, ko kilomita arba'in ba mu yi ba allurar zafi ta tashi, tururi ya turnuƙe gaban motar. Muka yini a bakin hanya, tsohuwa tana zaune a gindin kaɗanya tana jan carbi, ba ta ce mini uffan ba. Daga baya na gane an cire kafireton motar na asali an sa wani, gaskit ɗin kan inji kuwa tsohon aka shafe da gam aka mayar. Rabin kuɗina da wata uku sun tafi.

Na kai kuka wurin wani aminin mahaifina, tsohon direba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya tsaya maka a garejin nan?" Na ce, "Babu kowa, Baba, allonsu na gani." Ya ce, "Ai allo ba ya jin kunya. Gobe da asuba ka zo mu tafi Titiru."

Wannan tambaya ta Baba ta girmi mota a ƙasarmu, shi ya sa nake so mu ɗan koma baya. A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fataken goro kan taso daga Kano da Sakkwato da Jega, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, sannan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa da fatu da tufafi a kan jakuna, su komo da goro, tafiyar watanni. Baƙon da ya sauka a Jugu ko Paraku bai san kowa ba, bai iya Dendanci ko Barbanci ba, ga shi da dukiya. Abin da ke kare shi shi ne mai masauki, wanda ake kira fatoma. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo mai saye, in an ba da bashi kuma shi ke tsayawa. In aka cuci baƙo, sunan mai masauki ne zai ɓaci har Kano, baɗi kuma madugu ya sauke ayarinsa a wani gida. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da zuwan Turawa sun karya wannan hanya, amma ɗabi'ar ta zauna a zangunanmu: ba a damƙa dukiya sai ga wanda wani ya tsaya masa.

Abin da ya mai da Paraku garin makanikai shi ne jirgin ƙasa. Faransawa sun shimfiɗo dogo daga Kwatano, ya iso Paraku a 1936 bayan kilomita 438, nan kuma ya tsaya. Duk kayan da za su Nijar sai an sauke su a nan a loda wa manyan motoci, su yi tafiyar kilomita ɗari uku da 'yan kai zuwa Malanbil, su haye Gaya, su wuce Doso da Yamai da Maraɗi. Gyaɗar Nijar ita ma ta nan take gangarowa zuwa teku. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgi da sufuri, wadda aka sani daga baya da OCBN. Inda motoci ke kwana suna jiran lodi, dole masu gyara su taru. Yaran da suka fara da wanke ƙarafa a wuraren gyaran manyan motocin nan su ne suka zama iyayen gidan ƙananan gareji da suka bazu cikin unguwanni, daga Zongo har Titiru.

Sai zamanin Fijo ya zo. An fito da 404 a 1960, mai buɗaɗɗen bayanta ita ce akori-kurar da ta ɗauki doya da auduga da mutane a kowane ƙauye. An fito da 504 a 1968. Hanyoyi uku suka cika garinmu da ita. Akwai tashar ruwan Kwatano. Akwai samarin Turawa da a shekarun 1970 da 1980 suke tuƙo tsofaffin Fijo ta hamada, ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Yamai ko su gangaro har nan, kafin rashin tsaro ya toshe hanyar a farkon shekarun 1990. Akwai kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina sayar da ita a Faransa. Kayan gyaranta kuwa suna shigowa daga Najeriya ta Cikanda da Nikki, musamman da Naira ta faɗi daga 1986, suka yi mana araha.

Motar kanta ta dace da talaka. Babu kwamfuta a jikinta. Bututun da fiston ke kai-komo a ciki ana zare shi a sa sabo, don haka inji ɗaya zai iya sabuntuwa sau da yawa. Famiyal tana da sifirin biyu a kowane gefe na baya, shi ya sa take ɗaukar mutum tara da buhunansu. Rauninta biyu ne: kan injinta na alminiyum ne, in ya sha zafi sai ya lanƙwashe, jikinta kuma tsatsa na cinsa daga ƙasa. Wanda ya san waɗannan biyun ya san inda zai fara dubawa.

Ilmin nan ba a aji aka koye shi ba. Uba kan kai ɗansa wurin maigidan gareji, a yi yarjejeniya gaban shaidu, yaro ya yi shekara uku, huɗu, wani har bakwai, daga shara da miƙa sifana har a yarda ya buɗe inji. In ya gama a yi masa bikin yaye da ake kira liberasiyon, maigida ya sa masa albarka gaban jama'a, ya ba shi takarda. Yanzu gwamnati ta kawo jarrabawar sana'a ta CQM, amma har gobe in direbobi na zancen bakanike a tasha, tambayar farko ita ce, "Yaron wa ne?" Kamar dai yadda ake tambayar almajiri a wurin wa ya yi karatu.

Garejin da Baba ya kai ni a Titiru ba shi da allo. Fili ne a bakin wata jar hanya, da bishiyar mangwaro, da rumfar kwano, da gawarwakin Fijo uku da ake cirar kaya a jikinsu. Maigidan dattijo ne, maigidansa kuma a wurin gyaran manyan motocin Nijar ya koya. Baba ya ce masa, "Ga ɗan marigayi, ga motar marigayi. Amanata ce." Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, kada ka tada ta. Mota da sanyinta take faɗin gaskiya."

Ya buɗe murfin baƙin mai, ya nuna mini wani abu kamar kindirmo a jikinsa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Ya sa aka tada ta, ya leƙa bakin lagireto yana kallon kumfa na tasowa. Ya zaga baya ya dubi hayaƙi, ya ce shuɗi mai ne, fari ruwa ne, baƙi fetur ne ya yi yawa. Ya kafa bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotarsa, ya daɗe yana saurare. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, yana ƙwanƙwasa inda sifirin ke zama da inda ake kafa jak. Ya bi jikin motar da bayan yatsa don ya ji inda aka cike rami aka rufe da fenti. A ƙarshe ya gwada lambar jikinta da ta takardunta. Ya ce kan inji ya lanƙwashe amma zai gyaru, giya lafiya lau kada kowa ya taɓa ta, tsatsa ta ci wuri biyu, a yi walda. Ya ƙi karɓar kuɗin kaya a hannuna, ya haɗa ni da yaronsa muka je na saya da kaina. Duk abin da ya cire, a buhu ya tara ya miƙo mini.

Bayan mako biyar na kai ta binciken hukumar kiyaye haɗurra ta CNSR, aka duba birki da fitilu da sitiyari da tayoyi, aka ba ni takarda. Takardar tana da amfaninta, domin ta tabbatar motar ba za ta kashe kowa a hanya yau ba. Ko injin zai kai baɗi kuwa, wannan sai kunnen dattijon.

Kunnen nan kuma yana ƙarewa. Tun daga shekarun 1990 motocin Kwatano suka cika ƙasa, aka karya darajar Sefa da rabi a Janairun 1994, sabon kayan gyara daga Faransa ya gagari mutane, direbobi suka riƙa komawa Toyota. Motocin yau sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu, yaro kuma ya fi son ya hau babur ya samu na yau da ya yi shekara biyar yana miƙa sifana. Dattijon ya ce da can yaransa sun fi goma, yanzu biyu suka rage, ɗaya ma rabin hankalinsa na kan babur. In waɗannan tsofaffi suka kau, 504 za ta mutu ko da kayan gyaranta na jibge a kasuwa.

Saura kwana tara wata shida su cika na biya 'yan'uwana rabonsu. Na sake ɗaukar Inna zuwa Jugu, kilomita ɗari da talatin da 'yan kai, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Da muka isa ta shafa bayan kujerar direba, ta yi wa marigayi addu'a, ta fita.

Kwanan baya wani mutumin Kandi ya tare ni a kasuwar Arzeke, ya ce ya ga motata, yana da akori-kurar kakansa, ina zai kai ta? Na buɗe baki zan yi masa kwatance, sai na fasa. Na ce ya zo da asuba, kada ya tada ta, mu jawo ta tare. Da muka isa Titiru na ce wa dattijon, "Baba, ga baƙo daga Kandi. Amanata ce." Allah Ya ba mu ikon riƙewa.