Kundin Gwaji na Malam

Tun da labari ya bazu cewa na ajiye aiki na miƙa wa yara makullin ofis, samarin da ke da niyyar kafa kamfanin manhaja, waɗansu daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, waɗansu kuwa daga makarantun Yamai, ba su daina aiko mini da tambaya guda ba, wadda ko da lafazinta ya saɓa, ma'anarta ɗaya ce: Baba, da me za mu yi gini, Flutter ko React, Laravel ko Django, kuma a rumbun wane kamfani za mu ajiye bayanai? Ba na ƙin tambaya, domin tambaya rabin ilimi ce. Abin da ke sosa mini rai shi ne, da wuya ka sami wanda ya fara da faɗin mutumin da zai riƙe wayar, da garin da zai riƙe ta, da wanda zai gyara aikin ran da marubucinsa ya tafi ci-rani ko ya riga mu gidan gaskiya. Alhali kuwa a wurinmu mutanen da, wannan shi ne asalin mas'alar, sunan kayan aiki reshe ne da ke zuwa daga baya.

Wanda ya ɗora mu a kan wannan tafarki, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makomarsa, dattijo ne da ya yi karatu a cibiyar IAI ta Librebil, wadda waɗansu ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka kafa a 1971, ya shafe ƙuruciyarsa yana rubuta COBOL a Yamai, sa'an nan da girma ya zo ya komo gida Matameye ya buɗe ɗan kamfani mai ɗaki biyu, wanda ba shi da mai zuba jari, abin da aka samu a wata shi ake ci. Mutanen gari suna ce masa Mushe, mu almajiransa muna ce masa Malam. Abokan cinikinmu su ne masu ɗakunan magani, da kwamitocin bankunan cimaka na ƙauyuka, da ƙungiyoyin masu noman rake na wajen Dungu, da fataken da ke kai-da-komo tsakanin Ɗan Barto da Kwangwalam. Kuma saboda su ne Malam ya ƙago al'adar da nake so in tsaya a kanta, wadda a yau ban san ofishin da ke yin ta ba.

Kundi ne babba mai baƙin bango, irin rajistar da ake kiran suna da ita a lakwal. Babu harshe, babu ma'ajiyar bayanai, babu wani guntun kayan aiki da zai shiga aikin abokin ciniki, sai an buɗe masa shafi a ciki, an rubuta wanda ya kawo shawararsa da hujjar da ya kafa, kana a sa ranar gwaji. Ran gwaji ba a taɓa sabuwar kwamfuta. Wata tsohuwa ake jawowa daga ƙarƙashin tebur, wadda ƙurar hunturu ta riga ta cika mata ciki, a cire mata na'urar riƙe wuta, a zaunar da ƙaraminmu ya yi ta shigar da ciniki layi bayan layi. Malam kuwa yakan jingina da bango yana jan carbi, yana hira da mu a kan farashin gero kamar ba abin da ya dame shi, har sai ya ga hannun yaron ya sauka a kan maɓallin ajiyewa, nan take sai ya fizge wayar wuta daga bango. A kunna, a ƙirga abin da ya tsira, a maimaita har Malam ya gamsu. Dalilinsa a fili yake: wutar da ke ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram daga Katsina take shigowa ta Gazawa, tafiya ce mai nisa, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Wata ma'ajiya da ofisoshin Yamai suke tinƙaho da ita a zamanin ta faɗi wannan jarrabawa faɗuwa mummuna, har fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sam, aka ja mata jan layi. SQLite kuwa, wadda Richard Hipp ya fitar a shekara ta 2000, ta haye, saboda kafin ta taɓa asalin fayil takan ajiye kwafin abin da za ta canja a gefe, ta yadda in wuta ta yanke a tsakiya, ko dai cinikin ya shiga dukkansa, ko ya koma kamar ba a fara ba. Mun riƙe ta tun kafin ta zama abin da ke cikin kowace wayar Android, kuma ina faɗin haka da alfahari.

Bayan wuta sai kuɗi. Bafatake a nan yakan saya da naira ya sayar da sefa, yana lissafi da dala a baki, yana rubuta tamma a takarda, in ya ce jika biyar ya san abin da yake nufi, kuma canjin safe ba lalle ya kai la'asar ba. Malam ya shar'anta cewa kowane ciniki a ajiye shi da cikakken adadi ba tare da ɓurɓushin lamba ba, tare da canjin da aka yi shi a kansa a wannan sa'a. Duk kayan aikin da ya nace sai ya mayar da kuɗi lamba mai wutsiya, har tamma ɗaya ta ɓace a jimillar wata, ba ya kwana a ofishinmu, domin ma'ajin bankin cimaka da tamma ɗaya ta ɓace masa a gaban taron gari, mutuncinsa ne ya zube.

Wannan ya tuna mini da zamanin saƙon tes, wanda ya zo daga baya amma hukuncinsa na cikin kundin. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, daga baya ta zama Zamani. Da salula ta kai ƙauyuka, sai ƙungiyoyi suka rungumi FrontlineSMS, wadda Ken Banks ya rubuta a 2005, da RapidSMS ta UNICEF, har a 2009 aka fara shirin ABC a jihohin Doso da Damagaram, inda ake koya wa manya karatu da rubutu ta hanyar waya. Mu ma muka shiga aika wa manoma farashin kasuwa. A nan ne muka ci karo da abin da littattafan Faransa ba su faɗa mana ba: saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 muddin haruffan suna cikin jerin GSM, wanda ya tanadi é da è da à na Faransanci, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ guda ɗaya ta faɗa ciki, saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, abin da za a biya sau ɗaya ya zama sau uku, ga kuma wayoyin da ke nuna ɗan akwati a gurbin harafin. Mun yi muhawara mai zafi, waɗansunmu suna cewa a zubar da ƙugiyoyin baki ɗaya a huta. Fatawar Malam ita ce, larura ana ƙaddara ta gwargwadonta: a cire ƙugiya a bakin ƙofa lokacin aikawa kaɗai, amma a cikin ma'ajiya sunan mutum da na garinsa su zauna da haruffansu cikakku. Daga ranar aka ƙara sharaɗi a kundi, cewa duk ma'ajiyar da ba ta iya riƙe UTF-8 ba ta da shiga, kuma a gwada ta da jerin garuruwa a ga ko za ta jefa Ɗan Barto can bayan harafin Z. Har gobe ina ganin manhajoji masu ƙyalli da ke faɗuwa a wannan ƙaramar jarrabawa.

Amma rukunin da ya fi kowanne nauyi a wurinsa shi ne na ƙarshen shafi, wanda yake kira isnadi. Sai wanda ya kawo shawara ya rubuta mutum uku rayayyu da suka san kayan aikin sani na haƙiƙa, waɗanda mota za ta iya kai mu wurinsu cikin yini guda, a Damagaram ko Maraɗi ko Daura ko Kano, da kuma wurin wanda kowannensu ya koya. In ba a cika uku ba, shafin yakan zauna a buɗe, ko da abin ya kai ƙololuwar kyau. Yakan ce kayan aikin da ba shi da mutane daidai yake da famfon burtsatsen da baƙi suka kafa suka tafi, wanda ran da ƙarfe ɗaya ya karye mata suka koma tsohuwar rijiya. Da wannan ma'auni ne PHP da MySQL suka rinjayi waɗanda suka fi su tsari a idon masana, saboda ko'ina ka je akwai yaron da ya koye su a gidan intanet. Da shi ne kuma ya yi dogon nazari a kan WinDev na mutanen Montpellier, wanda ya yaɗu ƙwarai a ƙasashen sefa, ya yaba saurinsa, amma ya tsaya a kan ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta kafin ya yi aiki, yana tambayar kwana nawa aikin mutane zai tsaya in ya ɓace a Matameye.

Tarihi bai ƙaryata shi ba. A 2007 aka sanar cewa Visual FoxPro ba zai sake samun sabon zubi ba. A 2008 aka janye tallafi daga Visual Basic 6. Parse, rumbun da dubban ƙananan kamfanoni a duniya suka gina a kansa, an rufe shi a Janairun 2017. Heroku ya soke zaman kyauta a Nuwamban 2022. Sa'an nan a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka, sai da aka shiga 2024 kafin CEDEAO ta ɗage takunkumi. Malam bai ga wannan lokaci ba. Amma ɗakunan maganin da ke aiki da abin da muka gina bisa ƙa'idarsa sun ci gaba da ciniki da ɗan faifan hasken rana da batir, domin bayanansu na cikin ɗaki tare da su, in rezo ya samu su aika, in bai samu ba su jira. Yayin da na ga masu shaguna da aka sayar wa manhajar da ba ta buɗuwa sai ta gaisa da wani rumbu a Turai sun koma takarda da biro, ga kuɗin haya da ake bin su da dalar Amurka.

Ba na cewa samarin yau sun gaza mu; wallahi sun fi mu saurin hannu, kayan aikinsu kuma da yawa nagari ne, har da mataimakan nan masu rubuta manhaja da kansu. Ƙorafina shi ne taƙlidi: an ga abin da kamfanin da ke da ma'aikata dubu ya zaɓa domin matsalarsa, sai mutum uku a ɗaki guda su ɗauka ba tare da neman dalili ba, kuma in ka tambaye su bayan shekara me ya sa, babu shafin da za su buɗe su nuna maka. Saboda haka, ƴaƴana, kafin ku sa hannu a kan kowane zaɓi, ku sayi wayar da ta fi araha a kasuwar Matameye, ku sa mata aikinku, ku hau babur ku kai ta Dungu ko Yawuri, ku miƙa wa ma'ajin ƙungiya ya yi aikin yini da ita ba tare da kun taɓa masa ba, sa'an nan ku dawo ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata da sunayenku.