Agege da Kuɗin Zaɓe

Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a unguwar Agege ta Legas, musamman bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Sana'a ce ta amana: baƙo ya sauka gidan fatoma, ya danƙa masa kuɗinsa, a ɗaure masa huhun goro, wani sa'in ma bashi, ba takarda. Fatoman da ya ci amana ya rasa baƙi, domin labarinsa zai riga shi isa Kano. Jama'ar da ta tashi a kan wannan ma'auni da wuya ta yarda da mutumin da ba a ganinsa sai gab da zaɓe, da buhun shinkafa da atamfa mai hotonsa.

Wasu na cewa laifin tsofaffin hannu ne, a kore su a kawo sabbin jini. Ai an gwada. Janar Babangida ya haramta wa tsofaffin 'yan siyasa takara, ya kafa jam'iyyun SDP da NRC a 1989, sai masu kuɗi daga cikin tsofaffin suka koma bayan fage suna ɗaukar nauyin sabbin. A 1992 aka soke zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa bisa zargin maguɗi da sayen ƙuri'a, a 1993 kuma attajirai biyu suka kara, Abiola da Bashir Tofa. Ashe tsadar takara ce cutar, domin wanda ya hau kujera da bashi, ubangidansa zai fara biya kafin talakan Agege. Dokar zaɓe ta 2022 kuwa ɗaga iyakar kuɗin kamfen ɗin shugaban ƙasa ta yi, daga naira biliyan 1 zuwa biliyan 5.