Ɓerayen da Ba Sa Ƙoshi: Tarihin Gano Sinadarin Leftin

A shekarar 1949, masu kula da ɓerayen gwaji a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka suka lura da wasu ɓeraye da suka fita daban. Ba sa ɗaga kai daga abinci, kuma idan sun girma nauyinsu kan kai ninki uku na 'yan uwansu. Aka gano larurar ta gado ce, aka sa musu suna ob. A 1966 aka sake samun wani jinsi mai ƙiba da ciwon suga, aka kira shi db.

Masanin da ya fara warware matsalar shi ne Douglas Coleman. Ya riƙa ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe ta hanyar tiyata, har jininsu ya riƙa gauraya. Da ya haɗa db da lafiyayyen ɓera, sai lafiyayyen ya ƙaurace wa abinci har yunwa ta kashe shi. Da ya haɗa ob da lafiyayye, sai ob ya rage ci. A 1973 ya bayyana fahimtarsa: akwai wani saƙon ƙoshi da ke yawo a cikin jini. Jikin ob ba ya samar da shi, db kuwa yana samar da shi fiye da kima, amma jikinsa ba ya jin saƙon.

Sai a watan Disamba na 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikin ob, bayan shekara takwas suna nema. Abin mamakin shi ne inda sinadarin yake fitowa: daga kitse. A da ana ɗaukar kitse a matsayin rumbun ajiya kawai, ashe yana aika saƙo. Aka raɗa wa sinadarin suna leftin, daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. A 1995 aka gano makarɓarsa, aka kuma tabbatar da cewa babban wurin aikinsa wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos, wanda ke kula da yunwa. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa jiki yunwa.

Da aka yi wa ɓerayen ob allurarsa suka rame, sai aka zaci an sami maganin ƙiba. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka gano yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leftin, kuma allurar ta yi musu amfani ƙwarai. Amma irinsu ƙalilan ne. Yawancin masu ƙiba suna da leftin mai yawa a jininsu, ƙwaƙwalwar ce ba ta amsa shi sosai, don haka ƙara musu shi bai haifar da abin kirki ba. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurarsa ga masu wata larura ta rashin kitse a jiki, ba ga masu ƙiba ba.

A ɗakin magani nakan haɗu da masu neman ƙwayar da aka rubuta wa sunan wannan sinadari. Leftin furotin ne, idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama. Kada ku ɓata kuɗinku.

Ku kuma sassauta wa ɗan uwanku da ke fama da ƙiba. Yunwar da ke taso masa bayan ya rage nauyi umarni ne daga ƙwaƙwalwa, kuma gori ba ya kashe ta. Idan yaronku ya fara ƙiba mai tsanani tun kafin ya shekara biyar, kuma ba ya ƙoshi ko kaɗan, ku kai shi wurin likitan yara a duba shi.