Shekarar da Sefa ta Faɗi: Yadda Iyayenmu Suka Rage Cefane Suka Biya Bashi

 

'Yan'uwa, a watannin nan mutum uku sun tsayar da ni bayan sallar isha'i, kowa a ranarsa, amma damuwarsu ɗaya ce: bashi ya yi katutu, abin da ake samu ba ya kai ƙarshen wata, har mutum ya koma yana sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar mai kanti. Yawancin ɗalibanmu an haife su ne bayan shekarar 2000, don haka suna zaton ba a taɓa irin wannan matsi ba. An yi, har wanda ya fi shi. Bari in tuna mana da shekarun 1993 da 1994, domin akwai darasi a ciki.

A ƙarshen mulkin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, wanda ya sauka a watan Nuwamba na 1982, Kamaru tana cikin wadata. An fara haƙo man fetur, kofi da koko da auduga suna da kasuwa. A wancan lokaci wanda ya samu aikin gwamnati an ɗauka ya gama da talauci. Mai kanti yakan ba shi bashi ido rufe, domin an san albashi zai zo.

Daga 1986 sai farashin mai da na amfanin gona suka faɗi a kasuwar duniya. Gwamnati ta shiga bashi, a 1988 ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Wasu bankuna suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki. Manoman da ke sayar wa kamfanin SODECOTON auduga a yankin Garwa da Marwa suka ga an rage musu farashi. A 1993 aka soke tallafin ɗaliban jami'a, aka ɗora musu kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara. A wannan shekarar kuma aka zaftare albashin ma'aikata sau biyu, a watan Janairu da watan Nuwamba, har da yawa suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa a da.

Ba a gama jimamin wannan ba, sai ranar 11 ga Janairu 1994 aka ba da sanarwa daga birnin Dakar cewa an karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake saya a sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ko Asiya, irin su fulawa da shinkafa da madarar gwangwani da magani, ya yi tashin gwauron zabo. Masu shanu a nan Tinyer da kewaye sun ɗan samu sa'ida, domin dabba ta yi daraja. Amma mai albashi da mai ƙaramar sana'a sun ji jiki. Ku tuna kuma, wata ɗaya kacal bayan sanarwar nan watan Ramadan na 1414 ya kama.

A lokacin ina ɗalibi a Garwa, ina zaune a gidan kawuna, Allah ya jiƙansa, malamin makarantar firamare ne mai iyali tara. Ana bin sa bashi a wuri uku: mai kanti, da mai gidan haya, da wani abokinsa da ya ranta masa kuɗi lokacin aurar da babbar 'yarsa. Wani dare ya kira ni ya ce in kawo alƙalami da takarda. Ya sa na rubuta sunan kowane mai bin sa, da adadin kuɗin, da ranar da aka karɓa. Ya ce kafin daren nan bai taɓa sanin jimillar abin da ke wuyansa ba, tsoron haɗa lissafin yake yi. Da ya ga adadin sai ya yi shiru mai tsawo, sannan ya kira uwargidansa ya nuna mata.

Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, tun da ka nuna mini, to bar mini tukunya, kai ka ji da mutane." Washegari burodi da shayin madara suka bar gidan, koko da ƙosai suka dawo. Shinkafa ta koma ranar Juma'a kaɗai, sauran ranaku tuwon dawa ko na masara da miyar kuka. Nama sau ɗaya a mako, a ragowar ranakun daddawa da busasshen kifi su ɗauki nauyin miya. Ya ajiye babur ya koma tafiya makaranta da ƙafa. Ya karɓi aron fili a bayan gari, da damina muka noma masara da gyaɗa. Ita kuma ta fita daga adashi biyu ta bar ɗaya, ta daina shiga ankon biki.

Shi kuwa ya bi masu bin sa ɗaya bayan ɗaya. Na raka shi wurin mai kanti, na ji da kunnena ya ce, "Alhaji, ga abin da kake bi na, ga abin da zan iya kawowa duk wata. Daga yau kuma kada ka ba kowa daga gidana kaya sai da kuɗi a hannu." Alhajin ya ce ya yarda, ya ƙara da cewa abin da ke ɓata masa rai shi ne mutumin da ke ɓuya.

Mafi wuya shi ne Babbar Sallah, wadda ta zo a watan Mayu na shekarar. Kawu bai yi layya ba. Yara sun yi kuka, maƙwabta sun yi tsegumi. Amma ya riga ya tambayi malaminmu, aka ce masa a mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba zai buƙaci kuɗinta ba don larurar shekararsa, biyan bashin da lokacinsa ya yi kuwa wajibi ne. Kuɗin ragon ya tafi wurin mai gidan haya. Kafin shekara uku ta cika, takardar nan da na rubuta an soke kowane suna a cikinta.

A unguwar akwai wani abokin aikinsa, albashinsu ɗaya, ragin da aka yi musu ɗaya. Shi ya ce ba zai bari a gane halin da yake ciki ba. Ya yi suna da sa, ya ɗinka wa iyali kayan sallah kamar yadda aka saba, duk da kuɗin rance mai ruwa. Yana jiran a mayar da albashi yadda yake a da. Shekara ta bi shekara ba a mayar ba. Daga ƙarshe filin da ya gada ne ya tafi. Ba don in zarge shi nake faɗa ba, mutumin kirki ne, kunya ce ta ci shi.

Wannan hanya ta fara sauke bashi kafin a ji daɗi, tsohuwa ce a tarihinmu. Imamu Buhari ya kawo labarin sahabi Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a shekara ta 36 bayan hijira, lokacin Yaƙin Raƙumi. Mutane sukan kawo masa ajiya, shi kuma ya mayar da ita rance a kansa don gudun kada ta salwanta. Da ɗansa Abdullahi ya lissafa, sai ya sami bashin ya kai miliyan 2 da dubu 200, alhali mahaifin bai bar tsabar kuɗi ba sai filaye da gidaje. Abdullahi ɗan Ja'afar, wanda yake bin dubu 400, ya nuna zai yafe, ɗan Zubairu bai karɓi yafiyar ba. Ya sayar da filin Gaba da ke kusa da Madina, wanda aka saya dubu 170, a kan miliyan 1 da dubu 600. Da ya gama biya, magada suka nemi a raba gado, ya ƙi, sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Iyalin gidan sun jira shekara huɗu, don kada haƙƙin wani ya shiga bakinsu.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Takardar kawuna aiki ne da ita, ko da ya makara. Imamu Muslim kuma ya ruwaito abin da ke nuna cewa shahidi ma ana gafarta masa zunubansa amma ban da bashi.

Sai dai a kiyaye iyaka. Ciyar da iyali wajibi ne, magani da karatun yara ba almubazzaranci ba ne. Wanda ya bar 'ya'yansa da yunwa yana shan shayi da nama a waje, wannan zalunci ya yi. Kawu da kansa ya fara: babur ɗinsa ne ya fara tafiya kafin naman miya. Abin da ake yankewa shi ne abin da muke yi don idon mutane, gara da lefe da anko da hidimar suna, yau kuma an ƙara da sabuwar waya da kuɗin intanet. Ku kuma masu bin bashi, aya ta 280 a surar nan ta umarce ku da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri.

Ita kanta ƙasar sai a 2006 masu bin ta suka yafe mata wani babban kaso na bashinta. Magidanci ba shi da wanda zai zauna a Turai ya yafe masa. Saboda haka wanda bashi ya dame shi, yau da dare ya nemi takarda da alƙalami, ya rubuta duka, ya nuna wa iyalinsa, gobe ya je ya gaida mai kanti.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa, ya wadatar da mu da halal, ya jiƙan magabatanmu. Amin.