Kujeru Biyu na Jos ta Arewa a Majalisar Dokokin Filato

Majalisar Dokokin Jihar Filato kujeru 24 gare ta, biyu daga ciki na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne: mazaɓar Jos ta Arewa maso Arewa da ta Jos ta Arewa maso Yamma. Daga 1999 zuwa 2023 sau bakwai aka yi babban zaɓe a kansu, amma cikin manyan rikice-rikicen da suka ci rayuka a Jos babu ko ɗaya da ya samo asali daga zaɓen ɗan majalisar jiha. Masu sharhi da dama sukan ce dalili a fili yake, an raba gari biyu, kowa ya samu nasa. Ɓangaren da ya haɗa tsoffin unguwannin Hausawa yakan tura Musulmi, kamar Ibrahim Baba Hassan da ya daɗe a kan kujerar, ɓangaren Tudun Wada da Kabong da Jenta kuma yakan tura Kirista, kamar Esther Dusu a 2019. Ni a ganina wannan bayani bai kai ba. Abin da ya sa ba a zubar da jini a kan kujerun nan shi ne ba a hannunsu ikon cewa wane ɗan ƙasa ne wane baƙo yake ba.

Sai an koma 1991 kafin a gane haka. A shekarar ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar ƙaramar hukumar Jos, aka samu Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Ƙabilun Birom da Anaguta da Afizere suka ɗauki rabon a matsayin kyautar gari ga Hausawa, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza suka kafa cikin garin, suna kiran kansu Jasawa. Samaila Mohammed ya ci zaɓen ciyaman na farko, zargin ya ƙara ƙarfi. A Afrilun 1994 gwamnan soja Kanar Mohammed Mana ya naɗa Aminu Mato kantoma, aka yi zanga-zanga, aka dakatar da naɗin, ranar 12 ga wata gari ya kama da wuta. A 2001 naɗin Mukhtar Muhammad a matsayin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar shi ya ɗumama gari kafin rikicin 7 ga Satumba, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka kusan dubu. A Mayun 2002 taron zaɓen shugabannin PDP na gunduma a Eto Baba, maƙwabciyar Anguwan Rukuba, ya rikiɗe ya zama kashe-kashe. Sannan zaɓen ƙananan hukumomi na 27 ga Nuwamba 2008, tsakanin Timothy Buba na PDP da Aminu Baba na ANPP, ya ƙare da mutuwar ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu. Duk waɗannan a kan ƙofa ɗaya aka yi su, ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake sa hannu a takardar indijin. Da takardar nan ake neman gurbin karatu da tallafin karatu, da ita ake shiga aikin gwamnati da soja da ɗan sanda. Zamanin ciyaman Frank Tardy da ya hau kujera a 1999 aka daina ba Hausawa ita, kuma kowane ɓangare ya fahimci abin da kujerar take iya yi.

Mai musu zai ce bambancin na hukumar zaɓe ne. INEC ke gudanar da zaɓen majalisar jiha, rana ɗaya da na gwamna, da jami'an tsaro ko'ina, alhali na ƙaramar hukuma yana hannun hukumar zaɓen jiha, PLASIEC, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Akwai gaskiya a nan, kuma rikicin 2008 a wurin tattara sakamako ya fara, lokacin da wani ɓangare ya yi zargin za a murɗe. Sai dai a 1994 da 2001 babu akwati babu ƙuri'a, naɗi ne kawai, kuma gari ya ƙone. Gwamnoni ma sun san inda gizo ke saƙar. Shi ya sa aka tsallake Jos ta Arewa a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da na 2014 da na 2018, aka bar ta a hannun kantomomi, amma ba wanda ya taɓa tunanin hana ta zaɓen 'yan majalisarta.

Wani kuma zai ce kujerar ce ba ta da nauyi, shi ya sa ba a damu da ita ba. Wannan ma bai tsaya ba. Majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke yin dokar ƙananan hukumomi, kuma a Nuwamban 2006 'yan majalisa tsiraru, waɗanda ko rabin 24 ba su kai ba, suka tsige Gwamna Joshua Dariye, sai a Afrilun 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsigewar. Kujerar da ƙuri'arta ke iya tuɓe gwamna ba kujerar banza ba ce.

Hujja mafi ƙarfi tana ga kujerar majalisar wakilai ta Jos ta Arewa da Bassa. Ita guda ɗaya ce, ba a raba ta, kuma ta fi ta majalisar jiha girma da kuɗi. In da rabo ne ke kawo zaman lafiya, da a kanta za a fi gwabzawa. Amma ta yi ta yawo tsakanin Kirista da Musulmi: Lumumba Adeh a 1999, Samaila Mohammed a 2007, Suleiman Kwande har zuwa 2019, Haruna Maitala har rasuwarsa a hatsarin mota a 2021, sannan Musa Agah a zaɓen cike gurbi na 2022. An sha ƙorafi, an sha zuwa kotu, amma gari bai tashi ba. Dalili shi ne babu mai cin wannan kujera da ƙuri'ar unguwarsu kaɗai. Dole ɗan takara daga Gangare a cikin Jos ya nemi mutanen Jengre ko Miango a Bassa, na Miango kuma ya shigo gari neman ƙuri'a.

Wannan dolen ce babu ita a mazaɓun majalisar jiha, kuma nan ne rabon ya zama hasara. Bayan rikicin 2001 da na 2008 da na Janairun 2010 mutane sun yi ta ƙaura, Musulmi suka tattare a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Anguwan Rukuba, inda bam ya tashi a jajibirin Kirsimeti na 2010, ta zama unguwar Kirista kusan zalla, Anguwan Rogo kuwa ta Musulmi. Ɗan siyasar da ya san rumfunan da za su kai shi majalisa duk masu addini ɗaya ne ba shi da abin da zai kai shi tsallaken titi, tsirarun da suka rage a mazaɓarsa kuwa sun san sakamako tun kafin a buga takardar ƙuri'a.  Ga kuma ƙarancin wakilci da ya shafi kowa. Ƙidayar 2006 ta ba Jos ta Arewa mutum sama da dubu 400, wato kowane ɗan majalisarta yana wakiltar sama da dubu 200, alhali ƙaramar hukumar Mikang da ba ta kai dubu 100 ba tana da kujerarta guda. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi a riƙa duba iyakokin mazaɓu bayan shekara goma, amma har zaɓen 2023 da taswirar zamanin soja aka yi amfani.

Abin da ya biyo bayan zaɓen 18 ga Maris 2023 ya ƙara tabbatar da wannan karatu. A ƙarshen shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar PDP 16, ciki har da Danjuma Azi na Jos ta Arewa maso Yamma, bisa hujjar cewa jam'iyyar ba ta bi umarnin kotu na sake zaɓen shugabanninta ba. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, ta tabbatar masa da kujerarsa, amma shari'ar 'yan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, don haka su ba su koma ba. An ƙwace wa mazaɓa sukutum wanda ta zaɓa, a garin da naɗin kantoma ɗaya ya taɓa jefawa cikin tarzoma, mutane suka ji zafi, suka yi magana a rediyo, washegari kowa ya buɗe shagonsa.