Asalin Harsunan Kwamfuta Masu Dogaro da Abu, da Matsalar Fassara Kalmar "Gado"

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara koyon Java ko C++ yakan ci karo da kalmomi uku na Faransanci: classe, objet da héritage. A wannan maƙala mun kira su rukuni, abu da gado. Manufarmu ita ce mu bi tarihinsu, domin mu nuna inda fassarar take iya ɓatar da ɗalibi.

2. Asali

A farkon shekarun 1960, a Cibiyar Lissafi ta Norwe da ke Oslo, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suka ƙirƙiro harshen Simula don kwaikwayon al'amuran yau da kullum a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Daga cikin misalan da suka yi nazari a kai akwai layin motoci masu jiran biyan kuɗin ƙetare gada, manyan motocin kaya da bas-bas da ƙananan motoci. Sun lura cewa dukkansu suna da wasu siffofi na tarayya, sa'annan kowane iri yana da nasa na daban. Daga nan suka tsara cewa a bayyana siffofin tarayya sau ɗaya a babban rukuni, ƙananan rukunai su ɗauka su ƙara nasu. Wannan shi ne ginshiƙin Simula 67, na shekarar 1967.

A shekarun 1970 Alan Kay da abokan aikinsa suka gina Smalltalk a Xerox PARC, a Amurka. A 1979 Bjarne Stroustrup, wanda ya yi aiki da Simula lokacin karatunsa na digirin digirgir a Kambirij, ya fara shigar da rukunai cikin harshen C, aka raɗa masa suna C++ a 1983. Java ya biyo baya a 1995.

3. Misali daga Arewa

Rukuni bayani ne na siffofi da ayyuka, abu kuwa ɗaya ne takamaimai da ya cika wannan bayani. A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya sarauta ce mai ƙa'idojinta, wato rukuni. Sarauniya Mangu, wadda ta fuskanci rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ɗaya ce daga cikin waɗanda suka riƙe sarautar, wato abu.

To, a nan ne matsalar take. Ga Ba'are, da ma kowane Bahaushe, gado tsakanin mutum da mutum yake: wani ya rasu, wani ya gaje shi. A Simula kuwa tsakanin rukuni da rukuni yake, kuma babu mai mutuwa. "Motar kaya" tana gadon siffofin "mota" ne saboda ita ma mota ce. Ɗalibin da ya ɗauki ma'anar farko zai zaci wata mota ce take gadon wata, ya gina shirinsa a karkace tun daga tushe.

4. Kammalawa

Ba mu ce a yar da kalmar gado ba, tun da ita ce ta dace da héritage, wadda ɗalibanmu za su tarar a littattafai. Shawararmu ita ce a riƙa cewa "gadon rukuni", kuma malami ya fara da tambayar "wannan irin wancan ne?" kafin ya rubuta ko layi ɗaya a allo. Motocin da ke ratsa Dogon Dutsi kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi sun isa misali, kamar yadda motocin gada suka ishi Dahl da Nygaard.