Ɗinkin Gicciye da Marayun Bristol

Sa'ad da muke shirin wannan Jubili, aka ce mu bincika tsofaffin akwatuna ko ma sami hotuna da wasiƙun mutanen farko. A cikin adakar wata tsohuwa, ɗaya daga cikin iyayenmu mata da suka riga mu barci, muka tarar da ɗan littafin zanen ɗinki, gara ta cinye shi, saura bango. Amma a ƙarƙashinsa akwai gwangwani, a ciki kuwa ga farin ƙyalle wanda bai kai kamu ɗaya ba, an ɗinka masa A B C da lambobi da jan zare. Ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Wannan ƙyalle ne ya sa muka bi sawun labarin nan.

Turawa suna ce da irin wannan aiki ɗinkin gicciye. Kada mai karatu ya zaci saboda gicciyen Ubangiji aka sa masa sunan. Zare ne ake gittawa bisa zare kamar harafin X, mai ɗinki tana ƙirga silin saƙar ƙyallen tana tafiya. Tun da yake da ƙirga ake yinsa, duk wadda ta sami tsohon ƙyalle tana iya kwaikwayonsa daidai, ba ragi ba ƙari. Saboda haka tun kafin a fara buga zane a takarda, matan Turai a ƙyalle suke ajiye shi. In mace ta ga fure ko harafi mai kyau a gidan maƙwabciya, sai ta ɗinka shi a ƙyallenta, ta naɗe ta adana. Ƙyallen nan shi ne littafinta. A Ingila, wanda ya fi tsufa cikin masu ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, na 1598, yana gidan kayan tarihi na Victoria and Albert a Landan.

Littafin zane na fari an buga shi a Augsburg ta ƙasar Jamus wajen 1523. A farkon shekarun 1800 mutanen Berlin suka shiga buga zane a takarda mai gida-gida, ana shafa launi da hannu, kowane gida ɗinki ɗaya. A 1886 Thérèse de Dillmont ta fitar da babban littafinta na aikin allura tare da kamfanin zare na DMC a Mulhouse, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Amma littafi sai mai kuɗi. 'Yar talaka dai ƙyalle ta riƙe.

A nan ne labarin ya iso wurin mutumin da yawancinmu muka ji sunansa tun muna makaranta, wato George Müller na Bristol, wanda bai taɓa roƙon kowa kuɗi ba sai dai addu'a. Ya buɗe gidan marayu na fari a 1836 domin 'yan mata. A 1849 ya koma da yaran Ashley Down, kafin ƙarshen 1870 gidajen sun zama biyar, masu ɗaukar yara fiye da 2,000. Lokacin da ya rasu a 1898, marayun da suka bi ta hannunsa sun wuce 10,000. Mun sha jin wa'azi a kan yadda gurasa da madara suka zo musu da safe. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne aikin da 'yan matan suke yi da hannuwansu.

Ana riƙe yarinya har ta kai wajen shekara 17, sa'an nan a nema mata aiki a gidan masu hali. A zamanin nan kuwa kowane zanen gado da kowace riga sai an ɗinka musu harufan sunan mai su, domin kada su ɓace a wurin wanki. Baranyar da ta iya wannan ta fi samun wuri. Don haka yarinya takan ɗinka ƙyallenta kafin ta fita: jan zare a kan fari, ɗinki ƙanƙane ƙwarai, jeri bisa jeri na harufa iri iri, da lambobi, da adon baki, a ƙasa kuma ƙananan siffofi, sau da yawa har da siffar Littafi Mai Tsarki. Ba su bar fili ba ko kaɗan, gama kowane harafi da ta ƙara wata rana zai yi mata amfani. Wannan tana kwaikwayon na waccan, shi ya sa masu sani suna ganin ƙyallen Bristol su gane shi. Ran tafiya akan ba ta akwatin ƙarfe da tufafi da Littafi Mai Tsarki, ƙyallen kuma shi ne shaidar gwanintarta.

An bar gidajen Ashley Down a 1958. Ƙyallayen kuwa sun warwatsu cikin akwatunan jikoki da rumfunan gwanjo, har masu tara tsofaffin zane suka tashi nemansu a Ingila da Amurka. Aikinsu na haƙuri ne. Sukan sa madubi mai ƙara girma, su ƙirga ɗinki ɗaya ɗaya, su zuba shi a takarda mai gida-gida domin wasu su sake ɗinkawa. Sukan juya bayan ƙyalle su ga ainihin launin zare, gama rana ta kan koɗar da fuskar. Abin da muka fi yabawa shi ne, da yake littattafan rajistar marayun suna nan a Bristol, wani lokaci harufa biyu da shekara sun isa a gano sunan yarinya da ranar da aka kawo ta. Wanda ya sayi ƙyalle don ya kulle shi ya jira tsada, a ganinmu bai yi wa marainiyar kome ba.

Irin wannan koyarwa ta iso Afirka ta Yamma ta hannun matan mishan. Har yanzu akwai ƙyallaye a Ingila waɗanda 'yan matan makarantun C.M.S. na Saliyo suka ɗinka a shekarun 1840. Ta hanyar makarantun mishan ɗin ne iyayenmu mata su ma suka koya.

'Yan'uwa, wanda yake da irin wannan ƙyalle a gida kada ya wanke shi, kada ya rataye shi inda rana take bugawa. A tambayi tsofaffi sunan wadda ta ɗinka tun suna da rai, a rubuta a takarda a ajiye tare. Namu da muka samu, matan zumunta sun ƙirge shi sun zuba a littafin lissafi na 'yan makaranta, yara mata uku kuma sun fara ɗinka shi. A tsohon ƙyallen an juya harafin N baibai. Sun yi shawara, suka bar shi yadda tsohuwar ta yi.